Shiryayyun fankishan na Python: tambayoyin masu koyo da amsoshinsu

Tambayoyin nan su ne masu koyon Python, yaren rubuta manhaja, suka fi maimaitawa a kan fankishan ɗin da yaren yake zuwa da su, irin su `print()`, `len()` da `sorted()`. Fankishan shi ne gungun umarni mai suna, wanda ake kira ya yi wani aiki. Misalan duk na Python 3 ne. Zai fi kyau ka buɗe Python a gefe, kana karantawa kana gwadawa, domin gani ya kori ji.

Mene ne shiryayyun fankishan, kuma guda nawa ne?

Su ne waɗanda za ka kira kai tsaye ba tare da ka rubuta `import` ba. Da zarar ka buɗe Python, `abs(-7)` zai ba ka 7, `len("Kano")` ya ba ka 4, babu wani shiri. A Python na yanzu sun kai kimanin 70. Duk suna zaune a modul ɗin `builtins` (modul tarin kayan aiki ne da ake shigowa da shi da `import`), kuma za ka ga sunayensu da wannan:

```python
import builtins
print(dir(builtins))
```

Jerin da zai fito ya fi 70 nesa ba kusa ba, saboda har da sunayen kurakurai irin su `ValueError` da `TypeError` a ciki. Wasu kuma, kamar `int`, `str`, `list`, `dict` da `range`, a haƙiƙa nau'o'in bayanai ne, amma da yake ana kiran su da baka biyu kamar fankishan, sai ake lissafa su tare. Wannan bambancin ba zai dame ka a farkon koyo ba.

Dole sai na haddace su duka?

A'a. Guda ashirin ne ko ƙasa da haka za ka riƙa taɓawa kullum, kuma yawan amfani ne zai zaunar maka da su. Akwai irin su `memoryview()` da `compile()` waɗanda mutum zai yi shekaru yana aiki bai nemi inda suke ba.

Biyu kawai nake so ka riƙe tun ranar farko: `help()` da `dir()`. Rubuta `help(sorted)`, zai nuna maka abin da `sorted` yake karɓa da abin da yake mayarwa. Rubuta `dir("abc")`, zai jero duk abin da za a iya yi da rubutu. Dukansu ba sa bukatar intanet, don haka ranar da data ta ƙare koyo bai tsaya ba. Wanda ba shi da kwamfuta ma zai iya gwada duk misalan nan a wayar Android ta hanyar Pydroid 3 ko Termux.

Na kwafo `print "Sannu"` daga wani darasi, ya ƙi aiki. Me ya faru?

Darasin na Python 2 ne. Guido van Rossum, ɗan ƙasar Holan, ya fitar da Python a 1991, sannan a Disambar 2008 aka saki Python 3, wanda ya sauya abubuwa da dama da gangan. A cikinsa `print` ya zama fankishan, sai da baka biyu: `print("Sannu")`. An daina kula da Python 2 tun 1 ga Janairun 2020, amma tsofaffin darussansa suna nan birjik a intanet. Idan ka ga `raw_input` ko `xrange` a darasi, alamar tsufa ce: a yau sunayensu `input` da `range`.

Tunda ana maganar `print`, akwai abu biyu da mutane suke makara kafin su sani. `sep` shi ne abin da za a sa tsakanin abubuwan da ka ba shi, `end` kuma abin da za a sa a ƙarshe maimakon sauka sabon layi.

```python
print("Kano", "Zinder", "Kumasi", sep=" | ")
# Kano | Zinder | Kumasi
```

Na karɓi lamba biyu da `input()`, na haɗa 5 da 3, ya ba ni 53.

`input()` rubutu yake mayarwa a kowane hali, ko da lamba aka buga masa. Alamar `+` tsakanin rubutu biyu kuwa liƙa su take yi. Sai ka juya su zuwa lamba tukuna: `int(input("Nawa? "))`, ko `float(...)` idan lambar mai ɗigo ce.

Amma `int()` yana da sharuɗɗansa. `int("12.5")` zai ba ka `ValueError`, alhali `int(12.5)` zai ba ka 12. Kuma yanke abin da ke bayan ɗigo yake yi, ba ya kusantarwa: `int(12.9)` 12 ne. `int("1,500")` ma kuskure ne, ga shi kuwa haka mutanenmu suke rubuta kuɗi, saboda haka ka cire waƙafin da `.replace(",", "")` kafin ka miƙa masa. Fili a gaba ko a baya ba ya damun sa. Wani abin sha'awa, yana gane lambobin Larabci: `int("١٢٣")` zai ba ka 123.

Kada ka sa lambar waya a `int()`. Sifirin farko zai ɓace, 080 ta koma 80. Duk lambar da ba za a yi lissafi da ita ba, ta waya ce ko ta asusun banki, a bar ta a rubutu.

Me ya sa `round(2.5)` yake ba da 2 maimakon 3?

A makaranta an koya mana cewa rabi sama yake tafiya. Python 3 ba haka yake yi ba. Idan lamba ta faɗo daidai tsakiya, yana kai ta ga wadda ta fi kusa a cikin lambobin da biyu ke rabawa ba saura.

```python
round(0.5)   # 0
round(1.5)   # 2
round(2.5)   # 2
round(3.5)   # 4
round(1250, -2)   # 1200
```

Dalilin shi ne, idan kullum rabi sama ake turawa, jimillar lambobi masu yawa za ta riƙa karkata sama kaɗan-kaɗan. Idan kuwa wani lokaci sama wani lokaci ƙasa, karkatar tana kashe juna. Ga mai ƙididdiga wannan daidai ne. Ga malamin da ke haɗa sakamakon jarrabawa kuwa matsala ce babba: a makarantar da 45 take iyakar wani mataki, ɗalibi mai 44.5 zai koma 44, shi kuma mai 69.5 ya hau zuwa 70. Ba wanda zai yarda cewa an yi masa adalci.

Akwai matsala ta biyu, kuma ba daga `round` take ba. `round(2.675, 2)` yana ba da 2.67. Kwamfuta tana ajiye lambobi masu ɗigo a tsarin sifiri da ɗaya, bisa ƙa'idar IEEE 754, kuma 2.675 ba ta rubutuwa cif a wannan tsari. Abin da aka ajiye ya gaza 2.675 da ɗan ƙiris, sai ya sauka ƙasa. Dalili ɗaya ne ya sa `0.1 + 0.2` yake ba da 0.30000000000000004. Haka abin yake a JavaScript da Java da C.

Idan kuɗin mutane kake lissafawa, hanya biyu ce. Ko dai ka ajiye komai a kobo, a matsayin cikakkiyar lamba, sai lokacin nunawa ka mayar naira, ko ka yi amfani da `decimal`:

```python
from decimal import Decimal, ROUND_HALF_UP
Decimal("2.675").quantize(Decimal("0.01"), rounding=ROUND_HALF_UP)
# Decimal('2.68')
```

Lura cewa a rubutu aka ba `Decimal` lambar, cikin alamar zance. Idan ka rubuta `Decimal(2.675)` kawai, ka riga ka shigo masa da ɓarnar da kake gudu.

Yaya zan nuna kuɗi da waƙafi, kamar 1,500,000?

`format(1500000, ",")`. Idan da kobo, `format(1500000.5, ",.2f")` zai ba ka 1,500,000.50. Alamar naira ₦ lambarta 8358 a Unicode, tsarin da ya ba kowane harafi lamba, wato `chr(8358)`. Mai rubuta sefa a Nijar ko Kamaru, inda ake raba dubbai da fili, sai ya ƙara `.replace(",", " ")`.

Jiya `list()` yana aiki, yau yana cewa `'list' object is not callable`.

Duba sama, za ka tarar ka rubuta wani abu kamar `list = [1, 2, 3]`. Sunayen shiryayyun fankishan ba a kulle suke ba kamar `if` da `for`. Python zai bar ka ka ɗauki sunan ka ba wani abu, ba gargaɗi. Idan yana neman suna, daga cikin fankishan ɗin da kake ciki yake farawa, sai wanda ya kewaye shi, sai fayil ɗin gaba ɗaya, shiryayyu su ne na ƙarshe. Naka ya riga su, shi ke nan ya rufe su.

Sunayen da aka fi yi wa haka su ne `sum`, `max`, `min`, `list`, `str`, `id`, `input` da `type`. `sum = 0` kafin a fara tarawa shi ne gaba-gaba. A nan mai sa suna da Hausa ya huta: `jimilla`, `jeri`, `mafi_girma` ba za su taɓa karo da komai ba. Idan a Jupyter (manhajar da ake gwada Python a cikinta gaɓa-gaɓa) ko taga ta gwaji abin ya same ka, `del list` zai dawo da na asali.

Mene ne bambancin `sorted(jeri)` da `jeri.sort()`? Na yi `x = jeri.sort()`, `x` ya zama `None`.

`sorted()` sabon jeri yake ba ka, ya bar na asali yadda yake, kuma yana karɓar duk abin da za a iya bi ɗaya bayan ɗaya. `.sort()` na `list` ne kaɗai, yana gyara jerin a inda yake, ba ya mayar da komai. An yi haka da gangan don kada ka zaci an ba ka kwafi.

Ƙarfin `sorted` yana wurin `key`. Kana ba shi fankishan da zai ciro abin da za a jera da shi. A misalin nan `lambda` ɗan gajeren fankishan ne mara suna, wanda ke ciro makin kowa:

```python
dalibai = [("Binta", 68), ("Audu", 81), ("Ladi", 68)]
sorted(dalibai, key=lambda d: d[1], reverse=True)
# [('Audu', 81), ('Binta', 68), ('Ladi', 68)]
```

Binta da Ladi makinsu ɗaya, sai Binta ta ci gaba da zama gaba kamar yadda take tun farko. Wannan alkawari ne da Python ya ɗauka: abubuwan da suka yi kunnen doki ba ya sauya musu tsari. Amfaninsa shi ne, idan kana son jeri bisa maki, masu maki ɗaya kuma bisa suna, sai ka fara jerawa da suna, sannan ka sake jerawa da maki. Tim Peters ne ya rubuta wa Python dabarar jerawar a 2002, shi ya sa ake ce mata Timsort.

Na jera kalmomin Hausa, sai masu farawa da ɗ da ƙ suka koma can ƙasan z.

Python bai san tsarin baƙaƙen Hausa ba. Kowane harafi yana da lamba a Unicode, kuma da lambar yake jerawa. `ord()` zai nuna maka ita: `a` 97 ce, `z` 122, amma `ƙ` 409, `ƴ` 436, `ɓ` 595, `ɗ` 599. Ka ga ba ma bayan z kaɗai suka koma ba, a tsakaninsu ma ƙ ta riga ɓ da ɗ.

```python
kalmomi = ["ɗaki", "ƙofa", "zomo", "bango", "doki", "kifi"]
sorted(kalmomi)
# ['bango', 'doki', 'kifi', 'zomo', 'ƙofa', 'ɗaki']
```

Maganin shi ne ka rubuta masa tsarin da kanka, ka ba shi ta `key`:

```python
haruffa = "abɓcdɗefghijkƙlmnopqrstuvwxyƴz"

def tsari(kalma):
    return [haruffa.find(h) for h in kalma.lower()]

sorted(kalmomi, key=tsari)
# ['bango', 'doki', 'ɗaki', 'kifi', 'ƙofa', 'zomo']
```

`.lower()` ɗin yana magance wata matsalar daban: manyan baƙaƙen Turanci duk suna gaban ƙanana, `Z` 90 ce, saboda haka ba tare da shi ba "Zariya" za ta riga "albasa". Python ya san manya da ƙananan baƙaƙe masu lanƙwasa, `"Ɗan".lower()` yana ba da "ɗan" daidai.

Wannan ɗan gajeren tsari bai gama komai ba. Yana ɗaukar sh a matsayin s da h, ts a matsayin t da s. Idan kana so su tsaya a matsayin baƙaƙe masu zaman kansu, sai ka ƙara aiki. Haka kuma duk alamar da ba ta cikin `haruffa`, `.find()` yana ba ta -1, sai ta hau can sama. Wannan ya shafi 'y da ake rubutawa a Nijeriya, inda Nijar ke rubuta ƴ. Idan bayananka sun haɗa rubutun ƙasashen biyu, ka mayar da su salo ɗaya kafin ka jera.

Kalmomi biyu iri ɗaya ne a ido, amma `==` yana cewa `False`.

Akwai abin da idonka bai gani ba, kuma `print()` ba zai nuna maka shi ba. Yi amfani da `repr()` ko `ascii()`. `repr("Kano ")` zai fito da alamar zance, ka ga filin da ya maƙale a ƙarshe. `ascii()` ya fi shi tonawa, domin duk harafin da ba na Turanci ba lambarsa yake nunawa: `ascii("ƙasa")` zai ba ka `'\u0199asa'`.

A rubutun Hausa mai laifin yawanci alamar ɗauri ce, ta "jama'a" da "'yan". Wadda ke kan allon rubutu lambarta 39, amma Word da wasu wayoyi suna sauya ta da mai lanƙwasa, `\u2019`, wasu kuma suna sa `\u02bc`. Ga mai karatu duk ɗaya ne, ga Python kuwa haruffa uku ne daban. Idan rubutun yana da alamun karin sauti a kan wasula, harafi ɗaya zai iya zama lamba biyu, har `len()` ya ƙirga fiye da abin da kake gani. `unicodedata.normalize("NFC", rubutu)` yana daidaita mafi yawan irin wannan.

Na ajiye rubutun Hausa da `open()`, ya ba ni `UnicodeEncodeError`. Wani fayil kuma "ƙasa" ta koma "Æ™asa".

Cuta ɗaya ce. Idan ba ka faɗa wa `open()` tsarin ajiye haruffa da zai yi amfani da shi ba, na kwamfutar yake ɗauka. A Linux da Mac yawanci UTF-8 ne. A Windows mai harshen Turanci ko Faransanci sau da yawa cp1252 ne, wanda babu ɓ, ɗ, ƙ, ƴ a cikinsa. Wajen rubutawa sai ya tsaya da kuskure. Wajen karantawa kuma, ƙ bayit biyu ce a UTF-8 (bayit shi ne ƙaramin ma'aunin da kwamfuta ke ajiye bayanai da shi), sai ya fassara kowane bayit a matsayin harafi guda, ka ga Æ da ™.

```python
with open("labari.txt", "w", encoding="utf-8") as f:
    f.write("Ƙasar Hausa")
```

Ka mayar da `encoding="utf-8"` ɗabi'a, wajen karantawa da rubutawa. Idan fayil ɗin CSV ne da za a buɗe a Excel, `utf-8-sig` ya fi, don yana sa alama a farkon fayil da Excel ke gane UTF-8 da ita.

Hattara da `"w"`. Da zarar an buɗe fayil da shi, abin da ke ciki ya tafi, tun kafin ka rubuta ko harafi ɗaya. `"a"` ƙarawa yake yi a ƙarshe, `"x"` kuma zai ƙi buɗewa idan akwai fayil mai sunan. Shi kuwa `with`, aikinsa ya rufe fayil ɗin ko da kuskure ya auku a tsakiya.

Me ya sa `range(1, 10)` bai kai 10 ba?

Lambar ƙarshe ba ta shiga. Idan kana son 1 zuwa 10, `range(1, 11)`. An tsara shi haka ne don ya dace da ƙirgar Python da ke farawa daga sifiri: jeri mai abu biyar wurarensa 0 zuwa 4 ne, kuma abin da `range(5)` ke bayarwa ke nan. Ba ya tara lambobin a ƙwaƙwalwar kwamfuta, saboda haka `range(1000000000)` ba ya cin wuri.

Ina rubuta `for i in range(len(jeri))`. Akwai aibu?

Yana aiki, amma kusan kullum akwai hanyar da ta fi shi tsabta. Idan abubuwan kawai kake so, `for abu in jeri`. Idan har da lambar kowanne, `enumerate`. Idan jeri biyu kake bi kafaɗa da kafaɗa, `zip`.

```python
kaya = ["masara", "gero", "dawa"]
buhuna = [12, 7, 20]

for lamba, suna in enumerate(kaya, start=1):
    print(lamba, suna)

for suna, adadi in zip(kaya, buhuna):
    print(suna, adadi)
```

`zip` yana da hali guda da ke cutarwa a ɓoye: idan wani jerin ya fi wani tsawo, yana tsayawa a ƙarshen gajeren, ba zai ce uffan ba. Sunaye 40 da maki 39, ɗalibi ɗaya ya ɓace daga sakamako. Tun daga Python 3.10 za ka iya rubuta `zip(a, b, strict=True)`, ya ba ka `ValueError` idan tsawon bai zo ɗaya ba. A ganina duk inda ya kamata jerin biyu su yi daidai, a sa shi.

Na buga `map(...)`, sai na ga `<map object at 0x...>`.

`map`, `filter`, `zip`, `enumerate` da `reversed` ba sa ba ka jeri. Abin da suke ba ka yana fitar da sakamako ne ɗaya-ɗaya, lokacin da aka nema. Sa shi a `list()` ka ga abin da ke ciki. Sannan kamar rake yake, sau ɗaya ake shan sa:

```python
m = map(int, ["4", "8", "15"])
list(m)   # [4, 8, 15]
list(m)   # []
```

Na biyun bai ba da kuskure ba, jeri ne kawai babu komai, shi ya sa gano wannan matsala yake wahala. Idan za ka bukaci sakamakon sau biyu, ajiye shi a `list` tun farko.

Inda akwai fankishan a shirye, kamar `map(int, ...)`, `map` yana da daɗin karantawa. Inda kuwa sai ka haɗa shi da `lambda`, `[x * 2 for x in jeri]` ya fi fitowa fili. Van Rossum da kansa ya so a cire `map` da `filter` da `reduce` daga Python 3. Biyun farko sun tsira, `reduce` kuma aka mayar da shi modul ɗin `functools`.

`max(["9", "100"])` ya ce "9" ya fi girma.

Rubutu ka ba shi, shi kuma harafi-harafi yake gwada rubutu, "9" ta fi "1". Rubuta `max(jeri, key=int)`. Da `key` ɗin nan ne kuma ake ciro wanda ya fi kowa a `dict`, kamar wanda ya haɗa kowane suna da makinsa: `max(maki, key=maki.get)` zai ba ka sunan mai maki mafi yawa. Jerin da babu komai yana sa `max` da `min` su ba da `ValueError`, sai dai idan ka sa `default`, kamar `max(jeri, default=0)`.

`sum([])` kuwa sifiri yake bayarwa lafiya lau, amma `sum(maki) / len(maki)` zai faɗi da `ZeroDivisionError` idan jerin fanko ne. `sum` ba ya haɗa rubutu, wannan aikin `"".join()` ne. Yana ƙirga `True` a matsayin 1, saboda haka `sum(m >= 40 for m in maki)` zai gaya maka mutum nawa suka kai 40.

Me ya sa `bool("False")` yake `True`, `all([])` ma `True`?

`bool()` ba ya karanta ma'anar rubutu, yana duba ko akwai wani abu a ciki ne. `""`, `0`, `None`, `[]` da `{}` duk `False` ne. `"False"` da `"0"` da `" "` duk `True` ne. Shi kuma `all()` neman wanda ya saɓa yake yi, idan bai samu ba ya ce `True`, a jerin fanko kuwa babu mai saɓawa. Don haka idan kana tantance cewa kowa ya biya kuɗin adashi, alhali jerin bai loda ba, `all` zai ce kowa ya biya. `any([])` `False` ne.

`divmod()` fa, ina ake amfani da shi?

Duk inda kake son rabo da saura a lokaci guda. Ƙwai 100 a kiret mai cin 30: `divmod(100, 30)` zai ba ka `(3, 10)`. Minti 137: `divmod(137, 60)`, awa 2 da minti 17. Da lambar da ke ƙasa da sifiri, Python ƙasa yake gangarawa, `divmod(-7, 2)` `(-4, 1)` ne, saɓanin C da Java da ke ba da -3 da saura -1.

`type()` ko `isinstance()`?

`type(x)` don ka leƙa ka gani lokacin bincike. A cikin `if` kuwa `isinstance(x, int)`, domin yana gane nau'in da ya gaji wani, kuma yana karɓar nau'i fiye da ɗaya: `isinstance(x, (int, float))`. Ka dai sani `isinstance(True, int)` `True` ne, don `bool` daga `int` ya fito.

Yaya zan cire maimaici daga jeri?

`set(jeri)` zai cire, amma ba ya riƙe tsarin da abubuwan suka zo da shi. Idan tsarin yana da muhimmanci, `list(dict.fromkeys(jeri))`, saboda tun Python 3.7 `dict` yana kiyaye tsarin shigowa.

Na ga ana haɗa kalkuleta da `eval(input())` a layi ɗaya. In yi haka?

A kwamfutarka, kai kaɗai, don wasa, babu laifi. A duk abin da wani zai taɓa, kada ka kuskura. `eval()` ba lissafi kaɗai yake yi ba, duk abin da aka rubuta masa na Python zai aiwatar, da cikakken ikon da manhajarka take da shi. Wanda ya buga `__import__("os").listdir()` a wurin da kake jiran 2 + 2 zai ga fayilolinka, kuma wanda ya iya gani ta wannan hanya ya iya gogewa. Dabarun taƙaita shi da ake yawo da su, na ba shi `globals` fanko, an sha nuna yadda ake tsallake su. `input()` na Python 2 haka yake yi da kansa, yana aiwatar da abin da aka buga masa, kuma a Python 3 an cire wannan hali.

Idan lamba kake so, `int()` ko `float()`. Idan rubutu ne mai siffar jeri ko `dict`, `ast.literal_eval("[1, 2, 3]")` yana karanta bayanai kawai, ba ya kiran fankishan. Idan daga wata manhaja bayanan suka zo, `json.loads()`. Hukuncin `exec()` ɗaya ne da na `eval()`.

Shiryayyun sun fi wanda zan rubuta da hannuna sauri?

Galibi haka ne. A CPython, wato Python ɗin da akasarin mutane suke saukewa, da yaren C aka rubuta mafi yawansu, saboda haka `sum(jeri)` yana riga `for` ɗin da ke tarawa ɗaya-ɗaya. `len()` ma ba ƙirgawa yake yi ba, jerin yana riƙe da adadinsa, ko abu miliyan ne a ciki nan take zai amsa. `any()` da `all()` suna tsayawa da zarar amsa ta tabbata, ba sa ƙarasa jerin.

Sai dai shiryayye ma ana iya sa shi inda bai dace ba. `sorted(jeri)[0]` ya jera komai don ya ɗauko abu ɗaya, alhali `min(jeri)` bi ɗaya zai yi. `x in jeri` yana duba abubuwa ɗaya bayan ɗaya, idan za ka yi wannan tambaya sau dubbai, mayar da jerin `set` tukuna. Idan kana shakka tsakanin hanya biyu, auna su da modul ɗin `timeit` a kan bayananka na gaske.

Mai koyo kuma ya rubuta nasa `max` da `sum` da `for` ko sau ɗaya ne, don ya ga abin da ke gudana a ciki. A nan ne zai ci karo da tambayar abin da ya kamata a yi idan jerin fanko ne, ya gane dalilin da ya sa aka sa wa `max` zaɓin `default`.